Ni na rubuta waƙoƙin, mai situdiyo ya ce nasa ne

Tambaya: Barista, ni mawaƙiya ce a Kano, ina waƙa a gidajen biki, ina kuma fitowa a wani shirin talabijin. Bara na buga waƙoƙi uku da na rubuta da kaina a wani situdiyo. Mai wurin ya ba ni naira dubu hamsin, ba mu rubuta komai ba. Yanzu ya ɗora su a YouTube, ya sayar wa wani furodusa ɗaya daga cikinsu an sa a fim. Da na yi magana sai ya ce ai ya biya ni. Ina da haƙƙi?

Amsa: Malama, kina da shi, sai dai ba a kan komai ba.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta raba waƙa gida biyu. Baitoci da kari naki ne tun ranar da kika rubuta su, ko ba ki yi rajista ba, kuma magadanki za su ci gaba da cin moriyarsu shekara 70 bayan ranki. Sautin da aka naɗa kuwa na wanda ya ɗauki nauyin naɗin ne. Idan mai situdiyon ne ya kawo makaɗa ya biya kuɗin aikin, a nan yana da ta cewa.

Amma doka ba ta yarda a sayar da haƙƙin mallaka da baki ba, sai a rubuce. Don haka dubu hamsin ɗin nan ba ta mallaka masa baitocinki ba. Iyakar abin da lauyansa zai ce shi ne karɓar kuɗin izini ne na ya saki waƙoƙin. Ta yiwu kotu ta karɓi wannan a kan YouTube. A kan fim kam, ina shakka.

Ki adana littafin baitocinki da saƙonnin WhatsApp da shaidar shigowar kuɗin. Lauya ya rubuta wa mai situdiyon da furodusan takarda, a nemi zama a yanka miki kaso, a rubuce wannan karon. Na fi son wannan hanyar, tunda sana'a ɗaya kuke, gobe ma za ku haɗu.

Idan suka ƙi, kina iya kai ƙorafi Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, ki kuma nemi YouTube su sauke waƙoƙin. Ƙara kuwa Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, ba kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci ba, a nemi diyya da umarnin dakatar da amfani da waƙar.