Wasana bai gama nuna ba, in tura shi sansanin bita ko in jira?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Daura. Shekara biyu ke nan ina rubuta wasan kwaikwayo mai waƙoƙi, labarin wata zabiya da 'yarta wadda ta ƙi gadon waƙa. Waƙoƙi 11 ne a ciki, masu magana 19. Ɗalibaina sun taɓa yin kashi na farko ranar ba da kyaututtuka. Kwanan nan na ga sanarwar wani sansanin bita a ƙasar waje, inda marubuci zai je ya zauna makonni ana gyara wasansa tare da darakta da 'yan wasa. Ƙarshen nawa wasan bai zauna ba, kuma da Hausa yake. In tura a haka? Me zan rubuta a gurbin da suka ce in faɗi abin da nake son cimma? Kuma ba za a sace mini aiki ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ƙara basira. Kafin komai, koma kan sanarwar ki nemo sakin layin da ya faɗi wanda ya cancanta, ki karanta shi sau biyu. A nan mutanenmu suka fi yin asarar lokaci. Misali cibiyar Eugene O'Neill da ke Waterford a jihar Connecticut ta Amurka, wadda aka kafa a 1964, ita ce uwa a wannan harka, kuma tun 1978 take da sashe na musamman don wasanni masu kiɗa da waƙa. Amma sharaɗinta shi ne mai nema ya kasance yana da izinin aiki a Amurka. Komai kyan rubutunki, idan ba ki da wannan, ƙofa a rufe take. Wasu wuraren kuma 'yan Afirka suke nema takanas, wasu suna da iyakar shekaru, wasu ba sa karɓar wasan da aka taɓa nunawa a dandamali na sana'a, wato aka sayar da tikiti aka biya 'yan wasa. Abin da ɗalibanki suka yi ranar kyaututtuka galibi ba ya shiga wannan lissafi, amma ki ambace shi a fom ɗin da jimla ɗaya, kada su ji daga baya.

To, a ce kin cancanta. Batun cewa ƙarshen bai zauna ba, wannan ba aibu ba ne a wurinsu, shi ne ma dalilin kafa irin wannan wuri. Sansanin bita daban yake da gasa. A gasa ana neman tuwon da aka riga aka kwashe, a nan kuwa ana neman wanda yake kan wuta, akwai sauran tuƙi. Sai dai akwai bambanci tsakanin wasan da ya kai ƙarshe ƙarshen bai gamsar ba, da wasan da ya tsaya a tsakiya. Na farko ana karɓa, na biyu da wuya. Saboda haka ki rubuta ƙarshen, ko da kin san gurgu ne. Ki kai zabiyar nan da 'yarta inda za ki kai su, ki sa aya. Mai karatu yana son ya ga kin san inda kika dosa ko da hanyar ba ta miƙe ba.

Gara ki san abin da ake yi a can, domin shi zai gaya miki abin da za ki roƙa. Ana ba marubuci ɗaki da abinci, a haɗa shi da darakta, da 'yan wasa ƙwararru, da wani mai nazari wanda aikinsa shi ne ya riƙa yi miki tambaya a kan tsarin labarin, ba ya rubuta miki ko kalma ɗaya. Da rana a karanta, a tashi a gwada, da dare ki koma ɗaki ki sake rubutu, da safe ki kawo sababbin shafuka. A ƙarshe a nuna wa 'yan kallo kaɗan, 'yan wasa riƙe da takarda a hannu, babu kayan ado, babu ƙawata dandamali. Da gangan ake yin haka, don kada kwalliya ta rufe ramin da ke cikin rubutun. Mu nan Arewa ba baƙon abu ba ne a wurinmu: tun tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, a wancan dandalin ginin ƙasa na Samaru, ake gina wasa ta hanyar gwaji da gyara tare da 'yan wasa. Bambancin kawai shi ne a sansanin da kike magana, alƙalami yana hannun marubuci shi kaɗai.

Yanzu ga gurbin da ya dame ki, wanda a ganina shi ne rabin neman gaba ɗaya. Na taɓa zama cikin masu tace rubuce-rubuce na wata ƙaramar bita, kuma abin da ya fi gajiyar da ni shi ne kusan kowa abu ɗaya yake rubutawa: yana son ya bunƙasa al'ada, ya wayar da kan al'umma, ya kai Hausa idon duniya. Niyya ce mai kyau, amma ba ta gaya wa kwamiti abin da za su yi da ke ranar Litinin da safe idan an tara miki 'yan wasa a ɗaki. Su tambayarsu ɗaya ce: me wannan wasa yake bukata wanda marubuciyar ba za ta samu ita kaɗai a kan teburinta ba? Ki amsa wannan da gaskiya. Daga abin da kika faɗa, zan iya hasashen irin amsar. Wataƙila ba ki sani ba ko 'yar za ta yi waƙa a ƙarshe ko shirunta ne ƙarshen, kuma sai kin ji duka biyun a bakin mutane za ki gane. Wataƙila kina zargin uku daga cikin waƙoƙin nan 11 suna tsayar da labari maimakon su tura shi gaba. Ki rubuta haka ƙarara, ki ambaci fitowar da lambar shafi. Marubucin da ya san ciwon wasansa ya fi wanda ya ce lafiya lau kwarjini a idon masu zaɓe, don ba a kai mai lafiya asibiti.

Masu magana 19 sun yi yawa, kuma wannan zai iya kayar da ke ko da an so rubutun, saboda kowane ɗan wasa kuɗi ne da ɗaki da abinci. Ba na ce ki kashe mutanenki ba. Ki zauna ki ga waɗanda ba sa haɗuwa a fitowa ɗaya, ki nuna a shafin farko cewa mutum 7 ko 8 za su iya ɗaukar wasan duka, wannan ta fito a kishiya a kashi na ɗaya, ta dawo a 'yar amshi a na biyu. Masu tashe ma haka suke yi, yaro ɗaya ya zama tsoho ya zama mairama a dare guda.

Sai harshe. Idan sanarwar ta ce Turanci ko Faransanci, to sai kin fassara, amma ki tura na Hausar tare da shi idan akwai gurbi. Zancen baki ki ba wanda ya san dandamali ya fassara, ba wanda ya san nahawu kaɗai ba, sannan a karanta da ƙarfi a ji ko yana faɗuwa a baki. Waƙoƙin kuwa kada ki wahalar da kanki wajen neman amsa-amo da Turanci. Waƙar Hausa a kan karin sauti da tsawon gaɓa take tafiya, da zarar an tilasta mata rigar wani harshe sai ta mutu. Ki ba da ma'ana layi bayan layi, ki nuna inda jagora take da inda amshi yake, ki ƙara gajeren bayani inda ya zama dole: mece ce zabiya, me ya sa gadon waƙa yake da nauyi a gida, me ya sa 'ya za ta ji kunyarsa a gaban dangin miji. Bayani biyu ko uku sun isa, kada wasa ya koma darasin al'ada.

Za su nemi sautin waƙoƙi, galibi kaɗan daga ciki. A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Kada ki kai su situdiyo a ɗora musu fiyano da na'urar gyaran murya har su koma kamar waƙar fim. Murya ɗaya, 'yan amshi biyu, ƙwarya ko kalangu ko shantu, a ɗaki marar hayaniya, wayar hannu ma ta wadatar. Ki zaɓi waƙoƙin da suka bambanta: wadda ta buɗe wasa, wadda uwa da 'ya suka yi karo a cikinta, da wadda kika fi shakka. Idan wata ce ta sa wa waƙoƙin kari, to abokiyar aiki ce, sunanta zai shiga fom, kuma ku rubuta yarjejeniya tun yanzu kan wa ke da me, tun ana dariya.

Wurare da yawa, har da O'Neill, ba sa son ganin sunan marubuci a jikin rubutun, don mai tacewa ya yi hukunci bai san na wane ne ba. Ni kaina an taɓa ajiye nawa gefe saboda sunana yana saman kowane shafi, ban lura ba. Ki duba shafin farko, da saman shafuka, da sunan fayil ɗin kansa.

Batun sata. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba ki haƙƙin aikinki tun daga lokacin da kika rubuta shi, kuma kina iya yi masa rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka don ki samu shaida a hannu. Sansanin kirki ba ya karɓe mallakar wasa. Abin da aka saba shi ne su nemi a riƙa ambaton sunansu duk inda aka nuna shi nan gaba, wasu kuma su nemi ɗan kaso idan wasan ya kawo kuɗi. Ki karanta takardar kafin sa hannu. Abin tsoro na gaske shi ne 'yan damfara: duk wanda ya ce an zaɓe ki alhali ba ki tura komai ba, ko ya ce ki tura kuɗin biza asusun wani mutum, ki rufe zancen. Ki kuma tambaya a rubuce wa zai biya jirgi, wa zai biya biza. Tunda ke ma'aikaciya ce, duba ko makonnin sun faɗa cikin zangon karatu, don yawancin na Turai da Amurka a Yuni da Yuli ake yi, lokacin jarrabawar zango na uku. Maganar izinin gida da na ofis a fara ta tun kafin amsa ta zo, haka ma fasfo.

Ki sa a ranki cewa an fi samun a'a. Sashen O'Neill na wasannin da ba na waƙa ba kan karɓi rubutu sama da 1,000 a shekara, waɗanda ake ɗauka ba sa kai 10. August Wilson, marubucin wasan kwaikwayo ɗan Amurka wanda ya ci babbar kyautar Pulitzer sau biyu, an sha mayar masa da rubutunsa a can kafin a karɓe shi a 1982. Don haka kada ki rataya komai a ƙusa ɗaya. A gida akwai Ebedi a Iseyin ta jihar Oyo, wanda Dokta Wale Okediran ya kafa a 2010, inda marubuci kan zauna makonni yana aiki. Ba za a ba ki 'yan wasa a can ba, amma za ki samu shiru da lokaci, abin da ƙarshen wasanki yake nema.

Kafin ki tura ko'ina, ki tara abokan aiki bakwai ko takwas ranar wata Asabar, ki raba musu takardu su karanta wasan daga farko har ƙarshe, ke kuma ki koma gefe da biro, kada ki karanta kowa, kada ki yi bayani. Ki sa alama duk inda aka yi dariya, da inda wani ya ɗauki wayarsa. Abin da kika rubuta a wannan zama shi za ki kwashe ki zuba a gurbin nan na fom. Ranar rufewa kuma da agogonsu ake lissafi, ba da namu ba, ga halin intanet ɗinmu, sai ki tura saura kwana uku.