Tsohon dokina na ta susa har ya fara harbin yaron barga

Saƙon wannan makon daga Argungu ya zo, wani bawan Allah ne mai doki kili da ya gada wajen mahaifinsa. Ya ce dokin ya kai shekara 19, tun bara gashinsa ya yi tsawo ya cukurkuɗe ya ƙi zuba ko da bazara, wani likitan dabbobi ya duba ya ce cutar Kushin ce. To yanzu sati uku ke nan dokin ga bai da aiki sai goga jiki ga turke da bango har geza ta zube, bindi ya ƙwaƙule, da dare ba ya barci, yaron da ke yi mai hidima ma ya fara kai mai harbi alhali da lafiyayyen doki ne. Wai wasu sun ce iska ce ta taɓa shi, wasu sun ce a wanke shi da maganin kaskar shanu. Mi za shi yi?

Alhaji, Allah ya ba shi lafiya. Kafin komai don Allah ka ajiye maganin shanun nan gefe, musamman mai sinadarin amitraz wanda makiyaya ke fesa ma shanu. Ga saniya lafiya lau ne amma ga doki guba ne, yana tsayar da hanji, cikin ya ɗaure ya kasa kashi, wani har ya mutu. Haka baƙin man inji da wasu ke shafawa, ƙona fata kawai yake yi kuma dokin zai lashe.

Ita Kushin ɗin, sunan wani likita ne ɗan Amurka da ya bayyana irinta ga mutane a 1932. A doki matsalar tana wata 'yar halitta ce ƙarƙashin ƙwaƙwalwa wadda ba ta wuce ƙaramin goro ba, in doki ya tsufa jijiyoyin da ke ja mata linzami sai su lalace, ita kuma ta yi ta zuba sinadarai cikin jini babu ƙaƙƙautawa. Ba baƙuwar cuta ba ce, cikin dawakin da suka wuce shekara 15 kusan ɗaya cikin biyar na da ita, kawai mu nan in mun gani sai mu ce tsufa ne. Alamunta su ne gashin nan da ka faɗa, naman gadon baya ya zaizaye ciki ya zazzago, yawan shan ruwa da fitsari, zufa, kasala, ƙurji ya ƙi warkewa.

Amma abin da nake so ka riƙe shi ne ita kanta Kushin ba kasafai take sa ƙaiƙayi ba. Ƙofa take buɗewa. Garkuwar jiki ta yi rauni, ga gashi mai kauri da zufa ta jiƙa, to ai ka gina ma ƙwari masauki ke nan. Don haka aikinka shi ne ka gano wa ya shigo.

Ka fito da shi rana da hantsi, ka sa hannu ka buɗa gashin gindin geza, wuya, kafaɗa da gindin wutsiya, ka tsaya ka kalla da kyau kamar minti ɗaya don ƙwarin ba sa gudu da sauri. Kwarkwata nake zargi farko, za ka ga 'yan ƙanana ruwan ƙasa suna motsi, ko ƙwai farare manne ga gashi waɗanda ko ka hura ba sa tashi. Lokacin hunturu ta fi yawa kuma tsohon doki mai dogon gashi take so. In ka same ta, a aske shi tukuna, a wanke da maganin da aka yi don doki kamar mai sinadarin permethrin, sannan lallai a maimaita bayan kwana 14 saboda maganin ba ya kashe ƙwai, nan ne mutane ke faɗuwa, su yi sau ɗaya su ce magani bai ci ba. Jalala, bargon sirdi, buroshi, ragama, duk a wanke a shanya a rana, in akwai wasu dawaki ko jaki a gidan a duba su su ma.

In ko susar ta fi yawa ga wutsiya, yana juya baya yana goga ɗuwawu ga bango, ɗaga wutsiyar ka duba bakin dubura, in ka ga wani abu kamar busasshen kunu fari-fari ko rawaya to ƙwan wata tsutsar ciki ce da ke fitowa ta zuba a wurin. A riƙa goge wajen da tsumma da ruwan ɗumi kullum a yar da tsumman, a ba shi maganin tsutsa na baki gwargwadon nauyinsa. Allurar ivermectin ta shanu kar a soka ma doki a tsoka, tana iya jawo mummunan kumburi, na baki ake ba shi. Dokin da ke da Kushin tsutsa ta fi taruwa a cikinsa, don haka nasa lissafin ba irin na dukushi ba ne.

Ku kuma da ke kusa da kogin Matan Fada da fadamun shinkafa akwai ƙyashi, wanda ke cizo da magariba da asuba, wasu dawakin jikinsu ba ya shiri da yawunsa sam, geza da wutsiya da tsakiyar ciki duk su ƙuje. In da damina abin ya taso to shi ne babban abin zargi. A ɗaure shi nesa da ruwa da juji, wajen da iska ke kaɗawa don ƙyashi ba ya iya tashi cikin iska, in da hali a sa fanka. Kirci da makero da ƙazuwa kuma sai likita ya kankaro fata ya duba a madubin asibiti, makero yana kama mutum, a gaya ma yaron ya riƙa wanke hannu.

Yanzu maganar canjin hali. Ni dai ban ga iska a nan ba Alhaji, kai ma in ka kwana ashirin kana susa ba barci ai ko ɗanka ya taɓa ka sai ka yi mai tsawa. Amma akwai abu biyu da ba na so a yi sakaci da su. Na farko ƙafa. Kushin na kawo kumburin cikin kofato, kuma shi ne babban haɗari ga dawakin nan, ba ƙaiƙayi ba. Ka taɓa kofaton gaba da safe ka ji ko da zafi, ka lura ko yana miƙa ƙafafun gaba yana jingina baya, yana canja ƙafa, yana taka ƙasa kamar mai tafiya kan ƙaya, ko yana ƙin juyawa. Doki mai wannan ciwon in yaro ya zo ɗaga mai ƙafa dole ya yi harbi. In ka ga haka a daina hawansa yau ɗin nan, a zuba mai yashi mai laushi ya tsaya kai, a janye dawa da gero, a kira likita, kuma ko hawan Sallah ne gobe a haƙura. Kar kowa ya yi mai allurar dexamethasone don wai ta kwantar da ƙaiƙayi, ga doki irin naka tana iya tayar da wannan kumburin.

Na biyu ciwon haukan kare. Doki na kamuwa in mahaukacin kare ya cije shi, kuma yakan fara da cizon kansa a wuri ɗaya kamar zai cire nama, dalalar da yawu, kasa haɗiya, tangaɗi. Shi wannan ba ya jan lokaci, cikin kamar sati ɗaya dabbar ta faɗi, to tunda naka ya yi sati uku yana ci yana sha hankalina ya ɗan kwanta, amma duk wanda ya ga irin waɗancan alamun kar ya kuskura ya sa hannu cikin bakin dokin. Ka kuma wurga hannu kusa da idonsa ɗaya bayan ɗaya, tsohon doki in gani ya ragu yakan firgita in an zo mai ta gefen da ba ya gani.

Ba ka faɗa min ko yana kan magani ba. Maganin Kushin ɗin pergolide ne, ana sayar da shi da sunan Prascend, ƙwaya mai miligiram 1, ba ya warkar da cutar sai dai ya danne ta kuma kullum ake sha har ƙarshen rayuwa. Dawakinmu ba su kai na Turai nauyi ba don haka sau da yawa da rabin ƙwaya likita zai fara, kuma a makonnin farko wasu kan ƙi abinci su yi sanyi, in hakan ne canjin da ka gani to likita ya rage ya sake hawa a hankali. Gaskiya yana da tsada kuma ba a kowane shagon maganin dabbobi ake samu ba, ka tuntuɓi asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, daga Argungu ba nisa. In za a ɗebi jini ka roƙa a duba har da sammore, cutar jini da cizon ƙuda ke kawowa, don shi ma yana ramar da doki ya sa shi kasala a yankunan fadama.

Ko maganin bai samu ba aski kaɗai zai canja mai rayuwa, musamman kafin zafin Maris da Afrilu. Abinci ya zama ingirici da harawa mai kyau, hatsi kaɗan, in haƙora sun lalace a jiƙa mai, ruwa kuma kar ya yanke a gabansa ko da dare. Ka duba gindin gezar gobe da hantsi ka turo min abin da ka gani.