Tambaya da Amsa: Zaɓen Na'urar Zuƙe Hayaƙi a Ɗakin Girki

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun taru a kan na'urar nan da ake kafawa a saman murhu domin ta zuƙe hayaƙi da tururi da maiƙo. Ga huɗu daga cikinsu, tare da amsoshinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Muna dab da tarewa a sabon gidanmu, kuma maigida ya bar mini zaɓen kayan kicin. Tsawon kicin ɗin mita 4 ne, faɗinsa mita 3, tsayinsa kuma mita 3, murhuna na gas ne mai kai biyar. A gidan da muke yanzu, duk lokacin da nake soya kifi ko attarugu sai yara su yi ta tari har a falo, labulaye kuma duk sun kama ƙauri. Na je kasuwa na ga masu gilashi da masu ƙarfe, farashinsu ya sha bamban, kowane mai shago kuma nasa yake yabo. Wacce zan saya?
Daga wata uwargida a Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a sabon gida. Kafin ki koma kasuwa, ki fara tsayawa a cikin kicin ɗin ki duba ta inda hayaƙin zai fita, domin a nan ne maganar take, kuma a nan ne mafi yawan masu saye suke yin asara. Waɗannan na'urori aiki iri biyu suke yi. Akwai wadda ake haɗa wa bututu, ta zuƙi iskar da ke saman tukunya ta jefar da ita waje. Akwai kuma wadda ba ta da bututu, wadda take tace iskar ta cikin matatar gawayi sannan ta dawo da ita cikin ɗakin. Yawancin waɗanda ke kasuwa ana iya kafa su ta kowace hanya daga cikin biyun, shi ya sa mai shago zai ce miki duk ɗaya ne, alhali ba ɗaya ba ne. Harshen wutar gas kansa yana fitar da tururi da wata iska mai suna naitirojin dayoksaid, wadda take fusata huhu, musamman na yara masu asma, kuma matatar gawayin da ake sa wa waɗannan na'urori ba a yi ta domin kawar da wannan iska ko danshi ko zafi ba. Tunda gidan naku ne, kuma ba ku riga kun tare ba, ki sa a huda bango a fitar da bututu waje tun kafin a gama tayil da kabet, ko da hakan zai sa ki sayi na'urar da ba ta kai wata kyan gani ba.

Sai maganar ƙarfi. Ana auna shi ne da yawan iskar da na'urar take ja a cikin awa guda, kuma za ki ga lambar a jikin kwali, an rubuta ta da mita kubik. Ƙa'idar da masu ƙera su suka saba bayarwa ita ce a sauya iskar kicin sau 10 zuwa 12 a cikin awa. Kicin ɗinki yana ɗauke da mita kubik 36, wato 4 sau 3 sau 3, saboda haka kina bukatar tsakanin 360 da 432. Sai dai lambar da ke jikin kwali galibi an auna ta ne ba tare da dogon bututu ba, kuma kowace kwana da bututun zai yi tana rage wani abu daga ƙarfin, ga shi kuma girkinmu na suya ne da tafasa mai tsawo. Don haka ina ba ki shawarar wadda aka rubuta mata kimanin 600, domin ki riƙa amfani da ita a matsakaicin gudu, ki ajiye babban gudun sai ranar da ake narka manja ko suyar naman Sallah.

Faɗinta kada ya gaza na murhu. Murhu mai kai biyar yawanci santimita 90 ne, don haka mai santimita 60 ba za ta rufe shi ba, komai ƙarfin injinta. Ki kuma duba yadda ta miƙo gaba, domin hayaƙi yana bazuwa ne yayin da yake tashi, kuma na'ura mai zurfin ciki, wadda ta rufe kawunan gaba, ta fi shafaffiyar nan mai gilashi riƙe shi har fanka ta samu ta ja. Binciken da aka yi a ɗakin gwaje-gwaje na Lawrence Berkeley da ke Amurka ya nuna cewa waɗannan na'urori sun fi kama hayaƙin da ke tashi daga kawunan baya fiye da na gaba, wanda ke nufin kaskon suya wurinsa baya ne, kusa da bango. A kan murhun gas, tazarar da ke tsakanin inda tukunya ke zama da ƙasan na'urar kada ta gaza santimita 65, kuma kamfanoni da dama suna cewa 75. Ki sa mai kafawa ya bi abin da takardar cikin kwali ta faɗa, domin idan ta yi ƙasa zafi zai lalata ta, idan kuma ta yi sama da yawa hayaƙin zai tsere ta gefe.

Shi bututun ya zama mai santsin ciki, na ƙarfe, mai faɗin milimita 150, wato inci 6, idan bakin na'urar haka yake. Kada ki yarda a matse shi zuwa bututun roba mai inci 4 irin na masu aikin famfo don kawai shi ne ke kusa, domin matsewar za ta rage iska ta kuma ƙara ƙara. Ya kasance gajere, kwana ɗaya ko biyu, an ɗan karkata shi zuwa waje yadda ruwan tururi ko na damina ba zai gangaro ciki ba, a bakinsa kuma a sa murfi mai buɗewa da kansa idan iska ta turo shi, wanda zai hana ƙurar hunturu da ƙadangaru da ɓeraye shigowa. A kula kada bakin ya fuskanci tagar maƙwabci, domin haƙƙin maƙwabtaka ya shafi har ƙaurin miya.

Abu na ƙarshe da zan so ki yi a shago shi ne ki ce a kunna miki ita, ki saurari ƙararta a kowane gudu, sannan ki zare ragar maiƙon da hannunki ki mayar. Na'urar da ta cika ƙara ba a kunna ta, wadda ragarta ke wuyar cirewa kuma ba a wanke ta.

Tambaya: Salamun alaikum. Ni ɗan haya ne a hawa na biyu, kuma mai gidan ya ce sam ba za a huda masa bango ba. Kicin ɗin ƙarami ne, taga guda ce. Shin mara bututun tana da wani amfani, ko zubar da kuɗi ne?
Daga wani ango a Kaduna

Amsa: Allah ya ba da zaman lafiya, ɗan'uwa. Tana da amfani, amma ka san iyakarsa tun kafin ka biya. Ragar ƙarfen za ta kama maiƙo, ta rage danƙon da ke taruwa a bango da kabet, matatar gawayin kuma za ta rage wari muddin ba ta cika ba. Idan ta cika sai a sauya ta, yawanci bayan wata uku zuwa shida gwargwadon yawan girki, kuma irin da aka fi samu ba ya wankuwa. Don haka ka tambayi mai shago ko yana sayar da matatar wannan samfurin dabam, ka ga ta da idonka, domin na'ura mara bututu wadda ba a samun matatarta fanka ce kawai mai fitila.

Ni dai da zan zaɓa maka, zan fi karkata ga fankar zuƙo da ake ɗaurawa a jikin taga. Ana cire gilashi guda daga sama, a sa allo a gurbinsa, a ɗaura fankar a jiki, ranar da za ka tashi kuma ka mayar da gilashin yadda ka same shi, ba tare da an taɓa ginin kowa ba. Ta fi arha nesa ba kusa ba, kuma tana fitar da iskar waje, wanda shi ne ainihin abin da ake nema. Sai dai da yake ba a saman tukunya take ba, tana bukatar ƙarin ƙarfi. Ƙa'idar gini ta Ingila ta nuna wannan bambanci a fili, inda ta nemi lita 30 a kowane sakan ga mazuƙin da ke dab da murhu, amma lita 60 ga wanda ke wani ɓangare na kicin, wato mita kubik 216 a awa. Idan ma tagar tana kusa da murhu, ana iya bi da bututun na'urar ta cikin wannan allon, ka ga an samu biyan bukata ta kowane ɓangare.

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. An kafa mana wannan na'ura da tsada, amma ƙara kawai take yi, hayaƙi na nan yadda yake, yanzu kuma wari ya fara fitowa a ɗakin kwana, silin ɗin kicin ma ya yi tabo. Ko jabu aka sayar mana? Sannan ƙaramin janaretonmu zai iya ɗaukarta?
Daga wani magidanci a Zariya

Amsa: Barka kadai, Malam. Ba na zaton jabu ce. Alamomin da ka lissafa sun fi nuna cewa an cusa bututun cikin silin ne aka bar shi a nan, bai kai waje ba, kuma wannan ɗabi'a ce da ta yi yawa a tsakanin masu kafawa, domin tana rage musu wahalar huda bango, mai gida kuma ba ya gani. Abin da ke faruwa shi ne tururi da maiƙo suna taruwa tsakanin silin da kwano, inda katakon rufi da wayoyin lantarki suke, warin kuma yana bin sararin ya sauka a sauran ɗakuna. Tabon silin shi ne ƙaramar matsalar. Babbar ita ce maiƙo abin cin wuta ne, kuma idan kaskon mai ya kama a ƙasa, harshen wutar yana da hanyar da zai bi zuwa rufin gida. Ka daina kunna ta har sai an leƙa saman, a goge abin da ya taru, a ƙarasa bututun zuwa waje.

Idan aka duba aka tarar bututun ya fita, to sai a bincika abu uku. Wataƙila murfin da ke bakin na'urar ya maƙale, ko ba a cire salatif ɗin da aka manne shi da shi a kamfani ba. Wataƙila ragar ta toshe, domin mai suya kullum ya kamata ya jiƙa ta a ruwan zafi da sabulun wanke-wanke aƙalla sau ɗaya a wata, ba tare da soda mai cin hannu ba, saboda tana cinye alminiyam. Wataƙila kuma kicin ɗin a rufe yake ruf, alhali na'urar ba za ta iya fitar da iska ba sai wata ta shigo ta maye gurbinta, don haka a bar ƙofa ko wata taga mai nisa da murhu a ɗan buɗe. Fankar sama kuma a kashe ta lokacin suya, domin tana tarwatsa hayaƙin kafin ya kai inda za a zuƙe shi. Gwajin da kowa zai iya yi shi ne a kunna na'urar, murhu a kashe, a kara takarda a jikin ragar. Idan ta manne, akwai ja, sai kuma a fita waje a sa hannu a bakin bututu a ji ko iskar tana isowa.

Maganar wuta ba ta da nauyi. Injin irin na gida yawanci tsakanin wat 100 da 250 yake ci, kuma an rubuta adadin a jikin na'urar, don haka ƙaramin janareto ko inbata zai ɗauke ta.

Tambaya: Assalamu alaikum. Idan gas ya yi tsada nakan koma gawayi. Tunda muna da mazuƙin hayaƙi, zan iya shigo da kurfotin cikin kicin in ajiye shi a ƙarƙashinsa, musamman da damina? Kuma idan na ji warin gas, kunna shi zai fitar da warin?
Daga wata 'yar'uwa a Gombe

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Amsar duka biyun a'a ce, kuma ina roƙonki da ki ɗauki wannan da muhimmanci. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana fara aiki ne da ciwon kai da jiri da kasala, har ta kai ga mutum ya suma bai san abin da ya same shi ba. Gawayin da ya yi ja ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba. Ba a ƙera na'urar gida domin gawayi ko itace ba. Tartsatsi na iya kama maiƙon da ke jikin raga, kuma da zarar an ɗauke wuta fankar ta tsaya, garwashin kuwa yana nan yana ci. Idan mara bututu ce, to iskar gaba ɗaya cikin ɗakin take dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda mafi yawanta daga girki da itace da gawayi da kananzir take, ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Kurfoti wurinsa tsakar gida ne, da damina kuma ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗun gefuna.

Gas ɗin girki kuwa ya fi iska nauyi, saboda haka idan ya zurare ƙasa yake kwanciya, ba ya tashi zuwa inda na'urar take, kuma danna makunninta na iya haifar da ɗan tartsatsin da zai tayar da gobara. Idan kika ji warin, kada ki taɓa kowane makunnin lantarki, ko don kunnawa ko don kashewa, kada kuma ki ƙyasta ashana. Ki rufe kan tukunyar gas ɗin, ki buɗe ƙofofi da tagogi, ki fitar da yara, sannan ki kira mai gyara daga waje ya duba tiyo da kan tukunyar kafin a sake ɗora girki.