Babur nawa ne, amma ba ni na tuƙa ba

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Da kuɗin adashi na sayi babur na ba wani yaron unguwarmu yana kabu-kabu, kullum da magariba ya kawo mini jaka biyu. Masu son a kai musu saƙo sukan nemo ni ta WhatsApp, ni kuma in tura shi. Makon jiya ya buge wata tsohuwa kusa da Kasuwar Dole, ƙafarta ta karye. Danginta sun ce ni zan biya magani. Ba mu rubuta komai da yaron ba. Ina laifina?
Wata mai karatu daga Birni, Damagaram

AMSA: Hajiya, Allah ya ba tsohuwa lafiya, ya kiyaye gaba. Laifi na wanda ya tuƙa ne, amma biya magana ce dabam.

Da a ce jaka biyun nan kaɗai ke haɗa ku, ya fita sanda ya ga dama, ya bi inda ya so, da sai ki ce haya kika ba shi. To amma ke kike aikensa. Aya ta 1384 ta dokar farar hula ta Nijar, wadda muka gada daga Faransa, ta ɗora wa mai aike alhakin ɓarnar da ɗan aikensa ya yi a bakin aiki. Alƙali zai tambaya: wa ke yanka farashin saƙon? Kuɗin hannun wa yake shiga? In yaron ya ƙi zuwa, kina karɓe makulli? In amsar duka ke ce, kin zama uwar ɗakinsa ko da takarda ko babu.

Kuma ba ke kaɗai abin ya kama ba. Kamfanin Uber ya daɗe yana cewa shi dillali ne kawai tsakanin direba da fasinja. A watan Maris na 2020 kotun ƙoli ta Faransa ta ce wani direbansa ma'aikaci ne, a Fabrairun 2021 ta Ingila ma ta ba direbobi gaskiya. Tambayoyin da na yi miki su alƙalan can suka auna.

Abin da ya fi damuna, ba ki ambaci asirans ba. Dokar CIMA, wato dokar asirans ta wasu ƙasashen Afirka, wadda Nijar ke bi, ta wajabta shi a kan abin hawa mai inji, kuma shi ya kamata ya biya tsohuwa. Ɗauko takardar ki duba. Masu babura da yawa asirans na hawan kansu suke yanka don ya fi araha, sannan su saki babur yana ɗaukar fasinja. Nan ne kamfanin asirans ke samun bakin gardama.

Kada ki jira sammaci. Ki ɗauki wani babba na gidanku ku je dubiya, ki ba da abin da ya sawwaƙa, ki riƙe rasit na kowace allura. In an daidaita a gaban mai unguwa, a rubuta, shaidu su sa hannu. Kafin yaron ya sake hawa kuma, ku rubuta naku: haya ce ko aiki, kuma wa ke da gyara, wa ke da asirans.