Amsa: Yadda za ka tsallakar da VLAN uku ta rediyon da ya haɗa gini biyu

Malam, ka ce ka haɗa hanyar sadarwar gini biyu da rediyon Wi-Fi na kamfanin Ubiquiti, kana da VLAN uku (wato hanyoyin sadarwa daban-daban da ke bin waya ɗaya, kowace da lambarta): 10 na ma'aikata, 20 na baƙi, 30 na kyamarori, amma ɗaya kaɗai ke isa ɗaya ginin. Kwantar da hankalinka, rediyon zai ɗauki duka ukun. Abin da ake nema shi ne rediyon biyu su zama tamkar doguwar waya, su wuce da kaya ba tare da sun buɗe shi ba.

Fara da rediyon. Wi-Fi na yau da kullum adireshi uku yake sa wa kowane ƙunshin bayanai, shi ya sa rediyon da ke karɓa yake ɓoye adireshin MAC (lambar shaidar kowace na'ura) na na'urorin da ke bayansa. Gada ta gaskiya, mai wucewa da komai yadda yake, tana buƙatar adireshi huɗu, wato saitin da ake kira WDS. A tsofaffin rediyon Ubiquiti irin su NanoStation M5 sai ka kunna WDS da hannunka a ɓangarorin biyu, sannan Network Mode ya zama Bridge. Kunna shi a gefe ɗaya kawai aikin banza ne. In rediyon kamfanin MikroTik ne, zaɓi saitin station-bridge, amma ka sani da ɗan'uwansa MikroTik kaɗai yake aiki. Ka guji station-pseudobridge, don yana sauya adireshin MAC, daga nan DHCP, mai raba wa na'urori adireshin IP, ya fara yi maka gardama.

Kada ka ƙirƙiri VLAN ɗin nan a cikin rediyon. Aikin suwic ne, wato akwatin da wayoyin sadarwa ke haɗuwa a ciki. Ƙofar suwic da aka jona rediyon a ciki, a gini na farko da na biyu, ta zama tiranki (trunk), wato ƙofa mai barin 10, 20 da 30 su wuce da alamarsu ta 802.1Q, wadda ke nuna VLAN ɗin kowane ƙunshi. Yadda ka bayyana matsalar, na fi zargin nan: ƙofa ɗaya tana nan a matsayin ta VLAN guda, sai ta watsar da sauran. Duba kuma VLAN marar alama ya zama lamba ɗaya a gefen biyu. In nan 20 ne can 10, baƙi na iya faɗawa cikin hanyar ma'aikata ba ka sani ba.

Alamar tana ƙara bayit 4, ƙunshi ya tashi daga 1518 zuwa 1522. Idan akwai ƙaramin suwic mai araha a tsakani, wani ba ya ɗaukar wannan girman: ping, wato ɗan saƙon gwajin haɗi, zai amsa, shafin intanet ya tsaya cak. Gwada daga kwamfutar Windows da ping -f -l 1472 zuwa rautar. Ya wuce, lafiya.

Inda na fi ji maka tsoro shi ne Management VLAN, wato VLAN ɗin da ake shiga saitin rediyon ta cikinsa. Da zarar ka kunna shi, rediyon ya daina amsawa sai ta wannan VLAN ɗin. Don Allah fara da rediyon nesa, kuma ka danna Test kafin Apply, domin in ka kulle kanka a waje zai koma tsohon saiti bayan minti 3. In ba haka ba, sai hawa rufi da tsani a danna reset, a sake shiga ta adireshinsa na asali, 192.168.1.20.

Kyamarori kuwa, lissafa abin da suke ci. Guda 8 a kan 4 Mbps (megabit a sakan) kowace, 32 Mbps ke nan ba dare ba rana. In da hali, ajiye na'urar naɗar hoton a ginin da kyamarorin suke, ka kuma iyakance gudun baƙi a rauta.