Tambaya da Amsa: Ina Ci Gaban The Franchise?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah ina ci gaban shirin barkwancin nan The Franchise? Na gama kallo tuntuni ina ta jiran zango na biyu amma shiru kake ji.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, sai haƙuri fa, babu ci gaba. Tashar HBO ta Amurka ta fara haska shi a Oktoban 2024, kashi 8 kacal, zuwa Janairun 2025 aka sanar an datse shi. Wallahi ni ma abin ya min ciwo, don shirin ya tona yadda ake haɗa finafinan jarumai masu ƙarfin ban mamaki ba tare da ɓoye komai ba. Ki tuna Daniel, mataimakin darakta da Himesh Patel ya fito a matsayinsa, kullum yana zirga-zirga a lokeshan, nan ya lallashi jarumi, can ya tare darakta da ya fusata, kafin ya numfasa manyan kamfani sun sake canza labarin, duk wahalar jiya ta tashi a banza, kuma shi za a tambaya.

A ganina irin wannan shiri 'yan masana'anta ne suka fi gane barkwancinsa, su kuma ba su da yawa, tasha kuwa yawan 'yan kallo take dubawa. Haka ta faru da Action, wani shirin barkwanci kan harkar fim, a 1999, an shirya kashi 13, tashar Fox ta haska 8 ta dakatar. Idan kin same shi ki kalla, zai ɗebe miki kewa.