Amsa: ginin da ake harhaɗawa yana da ƙwari kuwa?

Malam, ka ce ko ginin da ake ƙero sassansa a masana'anta yana da ƙwari. Yana da shi wallahi, in dai fandisho ya yi kyau. Ka tuna asibitin Huoshenshan na Wuhan a Sin, 2020 lokacin korona, kwana 10 suka tsayar da shi, gado 1000, ɗakunan a mota ake kawowa ana jerawa. Ni dai mahaɗar ce ke damuna, inda bango ya gamu da bango, nan ruwa ke bi in ba a liƙe sosai ba, na gani a wani ofis, damina ɗaya silin ya yi baƙi ƙirin. Kuma bangon kwano in babu soso a tsakiya zafin bazara zai dafa ku.